Zaɓen Shugaba: Farin Jini Ko Cancanta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa Musulmi, a wani masallacin unguwa liman ya rasu, jama'a suka ce a ɗaga hannu a zaɓi magajinsa. Wanda ya fi daɗin murya ya yi rinjaye da nisa. Ba a yi wata guda ba ya yi rafkanuwa cikin sallar la'asar, ya rasa ko ƙabli zai yi ko ba'adi, har sai da wanda aka kayar ya gyara masa.

Masu zaɓen nan ba su yi nufin sharri ba. Abin da kunnensu ya ji shi suka auna, alhali aikin yana bukatar abin da ba ya bayyana sai ranar da matsala ta auku. Saboda haka ne Shaihu Halilu, cikin Muhtasar, ya gabatar da mafi sanin fiƙihu a kan mafi iya ƙira'a wajen limanci.

Wannan hali na jama'a daɗaɗɗe ne. Ku duba Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa ta 251. Bani Isra'ila da bakinsu suka roƙi Annabinsu a naɗa musu sarki don su yi yaƙi. Da aka naɗa Ɗalutu sai suka ƙi, wai ba shi da dukiya. Malaman tafsiri suka ƙara da cewa ba daga gidan sarauta ya fito ba. Da ƙuri'a aka jefa ran nan, da Ɗalutu ya sha kaye. Amma yaƙi ilmi da ƙarfin jiki yake so, su kuwa aka ba shi. Kuma da aka jarraba rundunar da wani kogi, mafi yawansu suka fāɗi, 'yan kaɗan ɗin da suka saura su aka ba nasara a kan Jaluta.

Kada wani ya ce muna hana shawara. Alƙur'ani ya yi umurni da ita. Tambayar ita ce, wa ake shawarta? Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya gindaya wa masu zaɓen shugaba sharuɗɗa uku: adalci, da ilmin gane wanda ya cancanta, da basira. Ya kira su ahlul ihtiyari. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa ihtiyari da hairi tushensu ɗaya ne a Larabci, wato neman mafi alheri. A masallacin can, cikin masu ɗaga hannu babu wanda aka tambaya ko ya san hukuncin sujadar rafkanuwa.