Shawarwari Kan Sa Rubutu a Allon Lantarkin da Aka Haɗa a Gida

Matasa da yawa suna haɗa allon fitilar caji ko na cajin batirin sola da hannunsu, amma su bar fuskarsa ba ko harafi. Ranar da ya lalace, mai gyara sai lalube, shi kansa mai allon ya manta wace waya ke zuwa ina.

1. Fara da alamar + da −. A ganina, ko ba za a rubuta komai ba, wannan wajibi ne a wurin shigar batir, da ƙafar kafasita mai + da −, da diyod. Kafasitar da aka juya wa ƙafa tana kumbura, wani lokaci ta fashe. Inda wutar gida ke shiga kuwa, a rubuta 220V da manyan haruffa, don kada yaro ko mai gyara ya kai hannu.

2. Ba kowane kaya lambarsa: R1, C1, D1. Manhajar zana allon lantarki ta KiCad kyauta ce, kuma tana fitar da shafin rubutun daban da na layukan wuta.

3. Buga da firintar leza ko injin hoton kwafi. Garin tawadarsu roba ne da zafi ke narkarwa, shi ya sa yake kama allo. Firinta mai tawadar ruwa ba ta wannan aiki, kada ka ɓata kuɗinka. Takarda mai sheƙi ake nema, shafin tsohuwar mujalla ma ya wadatar. Kuma a buga rubutun a juye, kamar yadda yake fitowa a madubi, domin kife takardar za a yi.

4. Lokacin sa rubutu shi ne bayan an cinye jan ƙarfen da ba a so an kuma huda ramuka, kafin a taɓa dalma. Wanke fuskar allon da sabulu, ya bushe sarai, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana tawada zama. Ɗaga shi ga haske, ramukan za su nuna maka inda takardar za ta zauna. Sannan ka kife takardar a kan allon, ka ɗora dutsen guga a zafin da ake guge auduga, ba tururi, ka danna minti 3 zuwa 5, kana bin gefe da kusurwa, don nan ne haruffa suka fi ɓacewa. Idan allon ya huce, jiƙa shi a ruwa har takardar ta yi laushi, ka murje ta da yatsa a hankali. Masu gaggawar ɓanɓarewa su ne ke tafiya da rabin rubutun.

5. In rubutun ya karkace, ruwan goge jan farce mai asiton zai wanke shi, a sake.

6. Fesa siririn banish a kan rubutun, amma kada ya toshe ramukan da za a sa dalma.

7. A wani lungu na allon, rubuta aikinsa da shekarar da aka yi shi, da girman fis ɗin da yake ɗauka.