TSOHO DA NAS TA KAMFANIN INSHORA

Darasinmu na wannan wata a kan wani al'amari ne na ƙasar Amurka. Za mu duba abin da ya sa tsofaffi da yawa a can su ke shakkar wani taimako da a ke kawo musu kyauta. Sa'an nan mu auna, mu ga ko shakkar tasu tana da tushe.

Bari mu fara da misali. Ga wani tsoho mai shekara 78, yana zaune shi kaɗai. Yana da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya. Likitoci huɗu ke dubansa, kowanne da nasa ɓangare, magungunan da ya ke sha kuwa iri tara ne. Kwana uku bayan an sallame shi daga asibiti, sai wayar tarho ta yi ƙara. Wata mace ta gaishe shi, ta ce ita nas ce daga kamfanin inshorarsa. Ta ce an ba ta aikin lura da sha'anin jiyyarsa duka, ba kuwa zai biya ko sisi ba. Tsoho ya ce, "Ina da likitana, shekara 20 ke nan yana dubana. Wa ya aiko ki? Wa ke biyanki?" Sai ya ajiye waya.

'Ya'yansa suka ce taurin kai ne irin na tsufa. Ko gaskiyarsu ne? Kada mu yi saurin yanke shari'a, sai mun ji yadda abin ya ke.

1. YADDA INSHORAR TSOFAFFI TA KE A AMURKA

Inshorar lafiya ita ce mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi wuri ɗaya tun suna lafiya, domin a biya wa wanda ciwo ya kama. A ran 30 ga Yuli 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa inshorar tsofaffi, wadda a ke kira Medicare. Tsohon Shugaba Harry Truman aka ba kati na fari. Galibi wanda ya kai shekara 65 yana da ikon shiga.

Da fari gwamnati ke biyan likita da asibiti bisa ga aikin da suka yi. Daga baya aka buɗe wata hanya ta biyu, wadda dokar 2003 ta sa wa suna Medicare Advantage. A wannan hanya gwamnati takan ba kamfani kuɗi ƙayyadadde kowane wata a kan kowane mutum, kamfanin kuwa shi zai biya jiyyarsa. Kuɗin yakan ƙaru in an rubuta mutumin yana da cututtuka masu nauyi. A shekara ta 2023 fiye da rabin waɗanda su ke da ikon shiga wannan hanya sun shige ta.

Mu riƙe wannan da kyau, gama shi ne mabuɗin darasin. In tsoho bai kwanta asibiti ba, abin da ya ragu na kamfani ne. In ya kwanta, kamfani ne ya yi hasara.

2. DALILIN DA YA SA A KE AIKO NAS

Akwai bukata ta gaskiya. Wani bincike da aka buga a 1999 a Jami'ar Pensilbaniya, ƙarƙashin wata malamar jiyya mai suna Mary Naylor, ya nuna tsofaffin da nas ta bi su har gida bayan sallama ba su cika komawa asibiti kamar sauran ba. Wani bincike kuma na 2009 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu Medicare da aka sallama yakan sake kwanciya kafin kwana 30 su cika.

Me ke mai da su? Sau da yawa ƙananan abubuwa ne. Likitan zuciya ya rubuta magani bai san abin da likitan ƙoda ya rubuta ba. Tsoho ya koma gida da sabon magani, ya haɗa da tsohon, yana shan abu ɗaya sau biyu. Ƙafafunsa sun fara kumburi, ba wanda ya lura. Ranar komawa wurin likita ta zo, ba mai kai shi.

Aikin wannan nas shi ne ta haɗa waɗannan zaruruwa su zama igiya ɗaya. Ta duba magungunansa duka, ta koya masa alamun da za su sa ya nemi likita da wuri, ta shirya masa mota, ta isar da magana tsakanin likitoci. Tun daga Janairu 2015 Medicare ta fara biyan likitoci ma domin irin wannan aiki, ga mai cututtuka biyu ko fiye waɗanda ba su warkewa da sauri. Rigakafi ya fi magani, wannan ba mai musu.

3. DALILAN SHAKKAR TSOHO

To, in aikin yana da kyau haka, don me tsoho ya ajiye waya? Mun ga dalilai huɗu.

Na fari, ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan nas shi ne kuma ke da ikon cewa "a'a" in likita ya nemi izinin yi masa wani gwaji ko aiki mai tsada. A 2022 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya duba irin waɗannan roƙe-roƙe da manyan kamfanoni suka ƙi. Ya tarar 13 cikin 100 sun cika ka'idodin Medicare, watau da ya kamata a yarda da su. Wanda aka taɓa hana shi, ba zai yi saurin gaskata hannun da ya hana shi ba.

Na biyu, yana tsoron abin da za a yi da maganarsa. Da ya ke kuɗin kamfani yana ƙaruwa bisa ga yawan cututtukan da aka rubuta, waɗansu kamfanoni sukan aika ma'aikaci gida ya yi wa mutum tambayoyi a kan lafiyarsa. Ofishin nan na mai bincike ya yi kashedi cewa akan rubuta cututtuka a irin wannan ziyara, a karɓi ƙarin kuɗi, amma ba a ga alamar an yi wa mutumin jiyyarsu ba.

Na uku, 'yan damfara sun yi yawa. Sukan buga wa tsofaffi waya da sunan Medicare domin su sami lambar katinsu. Hukuma da kanta tana gargaɗin mutane kada su ba baƙon murya wannan lamba. Tsohon da ya ajiye waya ya bi gargaɗin da aka yi masa ke nan.

Na huɗu, ga baƙaƙen Amurka akwai tsohon miki. Daga 1932 zuwa 1972 ma'aikatar lafiya ta gwamnati ta yi wani bincike a Tuskegee, cikin jihar Alabama, a kan maza baƙaƙe 600. Daga cikinsu 399 suna da ciwon tunjere. Ba a gaya musu sunan ciwonsu ba, ba a kuwa ba su fenisilin ba ko bayan da aka tabbata yana warkarwa. Nas ce, mai suna Eunice Rivers, ta riƙa zuwa gidajensu tana kai su wurin likitoci shekara da shekaru. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara da sunan ƙasa. Wannan ba aikin kamfanin inshora ba ne, amma tsofaffin yau sun girma da labarin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

4. ABIN DA GWAJI YA NUNA

Gwamnatin Amurka ta gwada wannan aiki ba sau ɗaya ba. Akan raba majiyyata kashi biyu da ƙuri'a, a ba kashi ɗaya nas, a bar ɗayan yadda ya ke, sa'an nan a gwama.

Daga 2005 zuwa 2008 aka ba kamfanoni 8 aikin lura da masu ciwon sukari da masu ciwon zuciya, cikin gwajin da ya shafi mutum fiye da 240,000. Nas-nas ɗinsu ta waya su ke aiki, daga ofis mai nisa. Da aka yi lissafi, kwanciya asibiti ba ta ragu ba, kuɗi ma bai ragu ba.

Wani gwajin ya fara a 2002 a wurare 15, da majiyyata wajen 18,000. An buga sakamakonsa a 2009. A wurare 13 ba a ga bambanci ba wajen kwanciya asibiti. A wuri ɗaya ta ragu, a wuri ɗaya ta ƙaru. Ba wurin da ya rage wa gwamnati kuɗi in an haɗa da ladan masu aikin.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Ɗaya daga cikin wuraren nan 15 wata ƙungiya ce a Pensilbaniya mai suna Health Quality Partners. Nas-nas ɗinta sukan sadu da majiyyata ido da ido, sukan je gidajen waɗanda ciwonsu ya yi nauyi, shekara bayan shekara. A 2012 aka buga cewa haɗarin mutuwa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda suka lura da su. Cikin shekarar nan kuma ofishin kasafin kuɗi na Majalisar Amurka ya duba shirye-shirye 34 iri-irin wannan. Ya ce a jimlace amfaninsu kaɗan ne ko babu. Waɗanda suka fi rage kwanciya asibiti su ne inda nas ke ganin majiyyaci da idonta, tana kuma magana da likitansa kai tsaye.

Ashe tsoho da masu bincike sun zo wuri ɗaya. Muryar da ba ta san gidanka ba, ba ta kuma san likitanka ba, taimakonta kaɗan ne. Wadda ta zauna a kujerarka, ta buɗe kwalaben maganinka ɗaya ɗaya, ta ga tabarmar da za ta iya kā da kai, ita ce mai taimako. Gani ya kori ji.

5. ABIN DA YA KAMATA TSOHO YA YI

Shakkarsa tana da tushe, amma in ya tsaya a kan shakka kaɗai zai iya cutar kansa. Magungunan nan tara suna nan, likitocin nan huɗu kuwa har yanzu ba su magana da juna. Mutum ɗaya cikin biyar da a ke sake kwantarwa, mai yiwuwa shi ne. Abin da ya fi shi ne ya mai da shakkarsa ta zama tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Ya fara tabbatar da mai magana. Ya ajiye waya, shi da kansa ya buga lambar da ke bayan katinsa, ya tambaya ko su suka aiko ta. In su ne, ya tambaye ta: "Za ki zo gidana, ko ta waya kaɗai za mu riƙa magana? Ke ce kullum, ko kowane wata da sabuwar murya? Kina magana da likitana? Abin da na faɗa miki, wa zai gani? Kina da hannu cikin yarda ko ƙin biyan jiyyata? In na ce na fasa, me zan rasa?"

Nas ta kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Bayan wannan ya gaya wa likitansa, ya kuma sa ɗansa ko 'yarsa ko wani amintacce ya zauna tare da shi ran ziyara ta fari. Kada ya daina wani magani ko ya sake shi sai da sanin likitan da ya rubuta.

6. ABIN DA ZA MU KOYA

Wannan magana ba ta yi nisa da mu ƙwarai ba. A Nijeriya shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, dokar 2022 kuma ta ce wajibi ne ga kowa. Kamfanoni suna tsaye tsakanin majiyyaci da asibiti a nan ma. Waɗansunmu kuwa suna da iyaye ko 'yan'uwa da ke tsufa a Amurka.

Ga 'ya'ya mu ke cewa, sa'ad da tsoho ya ƙi wani taimako, kada ku ce rigima ce ta tsufa. Ku zauna ku tambaye shi dalili. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wataƙila ba taimakon ya ke ƙi ba, tsoro ya ke ji kada a ƙwace masa ikon yin magana a kan jikinsa.

Ga masu aikin jiyya da ke cikinmu mu ke cewa, ku faɗi gaskiya tun da fari a kan wanda ya aiko ku da wanda ke biyanku. Amincewa ba ta zuwa da takarda ko da riga fara. Sai an yi ta zuwa, ana cika alkawari ƙanana da manya, kafin tsoho ya buɗe bakinsa ya faɗi inda ke masa ciwo.

Ga tsofaffi kuma mu ke cewa, ku yi tambaya, ba abin kunya ba ne. Amma in an amsa muku da gaskiya, ku buɗe ƙofa.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Ta wace hanya kamfanin inshora ke cin riba in tsoho bai kwanta asibiti ba? Yaushe wannan zai amfani tsoho, yaushe kuma zai cuce shi?
2. Ku faɗi dalilai huɗu da suka sa tsohon nan ya ajiye waya. Wanne ya fi nauyi a ganinku?
3. Mene ne bambanci tsakanin shirye-shiryen da suka yi amfani da waɗanda ba su yi ba?
4. Akwai tsoho a gidanku ko unguwarku mai shan magani iri da yawa? Wa ya san sunayensu duka, da lokacin shan kowanne?