Idan Allon Madannai Yana Tsallake Haruffa

Ka rubuta "makaranta" a kwamfutar tafi-da-gidanka, sai ka ga "mkaranta". Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara. Da farko, ka jona mata wani allon madannai ta kafar USB. Idan shi ma ya tsallake haruffa, to matsalar tana cikin saiti. A Windows, danne maɓallin Shift na dama har daƙiƙa 8 yakan kunna Filter Keys, wanda kan yi watsi da dannawa mai sauri. Sai ka kashe shi.

Idan kuwa sabon allon ya yi aiki daidai, mai yiwuwa ƙura ce ta shiga naka, musamman da hunturu. Ka kashe kwamfutar, ka karkata ta, ka share tsakanin maɓallan da burushi mai laushi. Kada ka sa ruwa.