Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Miƙa Jerin Sunaye Ga Rumbun Bayanai

Wasiƙarmu ta farko daga Akurba ta fito, nan cikin Lafiya, daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Ya ce yana haɗa wa wata Islamiyya manhajar rajista da rumbun bayanai na PostgreSQL. Kowane zango da teburinsa, don haka ya ajiye fankshin a cikin rumbun, wanda ke harhaɗa umarnin bincike nan take. In ya ba shi suna ɗaya, lafiya ƙalau. In ya ba shi jerin sunaye kuwa, sai ya cije, musamman in da Mu'azu ko Sa'adatu a ciki.

To ƙanena, mun gode da wasiƙa. Ga alama liƙa sunayen kake yi cikin rubutun umarnin, kana raba su da waƙafi. Alamar nan da ke tsakiyar Mu'azu, ita SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita, sai ya ɗauka sunan ya ƙare a "Mu". Ta wannan kafa ce masu kutse ke cusa nasu umarnin, su kwashe bayanai ko su goge su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗauko biro. Bar sunayen a jerinsu. Cikin umarnin rubuta suna = ANY($1), wato alamar daidai, sai ANY, sai dala da ɗaya cikin baka. Sannan ka kira EXECUTE, ka miƙa jerin ta USING. Tun fitowa ta 8.4, a shekarar 2009, PostgreSQL ke da wannan hanya. Kada ka sa IN a wurin ANY, domin IN zai ɗauki jerin duka a matsayin abu guda.

Sunan tebur kuwa ba ya bi ta USING. Shi sai ka sa shi da format da alamar %I, wadda ta zo a 9.1, shekarar 2011. Ka kuma lura: jerin da ba kowa a ciki ba zai dawo maka da ko layi ɗaya ba.

Wata baiwar Allah daga Doma ta tambaya ko haka abin yake a MySQL. A'a, Malama. MySQL ba shi da nau'in jeri, kuma bai yarda da umarnin nan take a cikin fankshin ba, sai a furosija. Ki zuba sunayen a teburin wucin gadi, ko ki yi amfani da JSON_TABLE na MySQL 8.0.

Ɗalibai, kafin ku miƙa wa kowa manhaja, ku gwada ta da sunan Mu'azu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.