Amsoshin Wasiƙunku: Haƙori, Tafiya da Yaye

Jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin amsa wasiƙunku. Galibin takardun da suka iso mu a wannan mako daga ƙasar Minjibir suka fito, kuma da yake kusan dukkansu a kan sha'anin renon yara suke, sai muka ga ya kyautu mu keɓe musu filin yau baki ɗaya.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Kunya, wadda tun daga farkon takardarta har ƙarshe ba ta kama sunan yaron ba, abin da ya nuna mana ɗan fari ne. Ga abin da ta ce: "Watansa 8, yau kwana huɗu ke nan yana zawo da zazzaɓi, ya rage kama nono. Uwar mijina ta ce haƙori ne, a ƙyale shi, in ya fito zai daina. Ni kuwa ina jin nauyin in yi magana."

To Malama, Allah ya ba shi lafiya. Haƙiƙa fitowar haƙori, wadda takan fara wajen wata 6 da biyun nan na ƙasa, ta ci gaba sannu a hankali har haƙoran yarinta 20 su cika wajen shekara 3, takan sa yaro dalalar da yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, da cizon duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Amma zawon kwana huɗu tare da zafin jiki da ƙin nono cuta ce wadda ta faɗo daidai da lokacin haƙorin, har aka ɗora masa laifinta. Dalili kuwa, a wannan watannin ne yaro yake fara rarrafe a tsakar gida, inda kaji suka yi kiwo, awaki suka kwana, ya damƙi ƙasa ya kai baki, a lokacin ne kuma ake fara ba shi koko da ruwan randa, alhali kariyar da ya fito da ita daga cikin uwarsa ta soma raguwa. Idan kuwa damina ce, sai sauro ya ƙara nasa a kai.

Ki duba maɗigarsa yanzu. Idan ta lotsa, idanunsa sun zurma, yana kuka ba hawaye, kika tsunkuli fatar cikinsa kika saki ta daɗe ba ta koma ba, to ruwan jikinsa ne yake ƙarewa, kuma wannan shi ne abin da yake ɗauke yara a cikin kwana ɗaya ko biyu. Shafa wani abu a kan maɗigar ba ya mayar da ruwan. A sami garin nan na gishiri da sukari da ake kira ORS, a juye ƙunshi guda a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, abin da ya yi kwana da yini a zubar a dama sabo. A haɗa masa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, kada kuma a janye masa nono. Amma tun da akwai zazzaɓi, wajibi ne a kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, ko babban asibitin Minjibir, a ɗebi jininsa a auna, domin ba a rabe zazzaɓin cizon sauro da waninsa da tafin hannu.

Ina kuma yi miki nasiha game da kwalaben nan da ake sayarwa da sunan maganin haƙori. A ƙarshen shekarar 2008 wani irinsu mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya lalata ƙodar yara, har 84 suka rasu a ƙasar nan, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya, kafin hukumar NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayensu ƙauna ce ta sa suka saya.

Batun surukarki kuwa, ba mugunta take nufi ba, abin da ta tarar ne, kuma girmama ta haƙƙi ne a kanki. Sai dai kunyar ɗan fari, wadda muka gada kuma muke alfahari da ita, iyakarta a ɓoye sunansa. Ba ta kai a ɓoye ciwonsa ba, gama shi amana ne, kuma ke za a fara tambaya. Ki gaya wa maigidanki a yau, shi ya san yadda zai lallashi mahaifiyarsa.

Takarda ta biyu wani magidanci ne ya aiko daga Wasai, yana cewa 'yarsa ta kai wata 14, tana dafa bango ta miƙe amma ba ta taka ba, alhali ɗan maƙwabcinsa tun yana wata 10 ya fara tafiya. Malam, kwantar da hankalinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara lafiyayyu a ƙasashe 5, ciki har da Ghana, ta fitar da sakamakon a 2006, inda aka ga waɗansu sukan taka tun wajen wata 8, waɗansu kuwa sai sun kusa 18, kuma duk lafiyarsu lau. Abin da ya ja hankalina a takardarka shi ne inda ka ce takan kwana tana kuka, bayan hannayenta da ƙafafunta su kumbura. Wannan, musamman idan ana ganin idanunta sun yi ruwan ɗorawa, yana daga cikin alamomin amosanin jini, watau sikila, a farkon ƙuruciya. Ban yanke hukunci ba, aikin likita ne, amma a gwada jininta, kai da mahaifiyarta ma ku gwada, domin idan ku biyun duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Saboda haka ne ma Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayu na 2024. Yaron da aka gane ciwonsa da wuri, aka tsare shi daga sauro da sanyi da ƙishirwa, yana zuwa asibiti a kan kari, yakan girma ya yi karatu ya yi iyali da izinin Allah. Kafin nan, daga cikin ƙwan da ake kaiwa kasuwa a rage mata, a ƙara mata gyaɗa da wake a kununta.

Ta uku gajera ce, daga Kantama: mai shayarwa ta sami ciki yaronta yana wata 11, an ce nonon ya ɓaci, a kai shi wurin kakarsa gobe. 'Yar'uwa, nonon bai zama guba ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma cire yaro dare ɗaya, a raba shi da nono da uwa gaba ɗaya, yana daga cikin hanyoyin da tamowa take shigowa. Ki je awon ciki, ki ci abinci sosai, ki yaye shi da sannu.

Ku ukun nan, da duk mai saurarenmu daga Sarbi har Kwarkiya, ina roƙonku ku ciro katin rigakafin yaranku daga ƙasan akwati ku duba: allurar mako 6 da 10 da 14, wadda take kare su daga mashaƙon da ya yi mana ɓarna a Kano a 2023, da ta ƙyanda a wata 9 da 15. Wanda ya tsallake wata allura, a kai shi a cike masa. Malama ta Kunya, muna jiran takardarki mu ji yadda jikin yaron ya yi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, wassalamu alaikum.