Tsakanin Kallo da Lura: Nazarin Samfuran Kwamfuta Masu Kwaikwayon Idon Ɗan'adam a Hotuna Masu Motsi

1.0 Gabatarwa

Idon ɗan'adam ba ya ganin duk abin da ke gabansa dalla-dalla a lokaci guda. Ɗan ƙaramin gurbi ne a tsakiyar tantanin bayan ido ke gani tangaran, shi ya sa ido ke yin tsalle daga wuri zuwa wuri kusan sau 3 a kowace daƙiƙa. Wannan maƙala ta yi nazarin ƙoƙarin masana na gina samfuran kwamfuta da za su hasashi inda ido zai sauka a bidiyo, tare da nuna iyakar wannan hasashe.

2.0 Abin da Ke Jan Ido

A 1980, Anne Treisman da Garry Gelade sun bayyana cewa ƙwaƙwalwa na fara tantance siffofi irin su launi da karkata a rarrabe, sannan hankali ya haɗa su su zama abu guda. A 1985 Koch da Ullman suka kawo ra'ayin taswirar fice, wadda ke nuna wuraren da suka bambanta da maƙwabtansu a hoto. Itti da Koch da Niebur sun mayar da ra'ayin manhaja a 1998, bisa launi da haske da karkata. Da aka koma kan bidiyo sai aka ƙara motsi, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke tattara idanun masu kallo a wuri guda.

3.0 Tasirin Manufa

Sai dai hoto ba shi kaɗai ke juya ido ba. Masanin Rasha Alfred Yarbus ya nuna wa mutane zanen Ilya Repin, yana sauya tambaya. Da ya ce a ƙiyasta shekarun mutanen da ke zanen, idanu suka koma kan fuskoki. Da ya tambayi arzikin gidan, suka karkata ga tufafi da kayan ɗaki.

A 1999 kuma Simons da Chabris suka sa mutane ƙirga yadda 'yan wasa ke miƙa wa juna ƙwallon kwando a bidiyo. Wani mai shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar filin, amma kusan rabin masu kallon ba su lura da shi ba. Gwajin bin diddigin ido da Memmert ya yi a 2006 ya nuna cewa idanun waɗanda ba su lura ba ma sun sauka a kansa.

4.0 Kammalawa

Ke nan, samfurin da ya gano inda ido ya sauka bai gano abin da hankali ya kama ba. Hausa ta riga ta bambanta kallo da lura, kuma wannan bambanci na da nauyi wajen ƙera na'urorin sa ido kan direbobi: direba na iya kallon titi, bai lura da mai tsallakawa ba. Wajibi ne masu fassara ƙeɓaɓɓun kalmomin fannin su kiyaye shi.