Amsoshin Tambayoyinku: Ɓeraye da Yaro Marar Natsuwa

Wata baiwar Allah daga Nima a birnin Accra ta ce ɗanta ba ya zama wuri ɗaya a makarantar allo, kuma ta ji ana binciken wannan lalura a kan ɓeraye. Shin gaskiya ne?

Gaskiya ne, Hajiya. A shekarun 1930, masanin Amurka B. F. Skinner ya riƙa sa ɓera cikin akwati mai ɗan ƙarfe. Da ya danna, sai ƙwayar abinci ta faɗo, har ya koyi dannawa. A 1963 masana a Kyoto ta Japan suka samar da jinsin ɓera mai hawan jini da yawan ƙiriniya. Terje Sagvolden na Jami'ar Oslo ya nuna cewa ladan nan take ne ke tasiri a kan waɗannan ɓeraye. Idan ya jinkirta, hankalinsu ya tafi.

Ɗan Adam daban yake, amma akwai darasi. Da yaron ya biya karatunsa, ki yaba masa nan take. A riƙa ba shi karatun kaɗan-kaɗan. Bulala ba magani ba ce. Ki kai shi Asibitin Korle Bu likita ya duba shi. Allah ya shirya mana zuri'a.